Moɗar Baba

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnatin jiharmu ta turo ni Landan karatun jinya. Aka ajiye ni a babban asibitin da ke Camberwell, na kama wani ɗan flat mai ɗaki ɗaya da falo a saman shagon wani Bagirike mai gyaran takalma. A lokacin in ka ce daga Nijeriya kake, masu shaguna har murmushi suke yi maka, domin mutanenmu suna zuwa su kwashi kaya kamar gobe za a rufe garin. Ni dai ban ga wannan kuɗin ba sai a wuyan matan manya.

In ka bi titin da ke gangarawa Peckham, akwai wani tsohon cocin Anglika na baƙin dutse, da allo a bakin ƙofa da aka rubuta cewa kowa ya shigo, ko wane ne shi. Coci da yawa suna rubuta haka, amma Rabaran ɗin nan da gaske yake. Dogo ne siriri, kullum a kan keke, kuma bai iya ganin mutum a tsaye shi kaɗai ba sai ya je ya kama hannunsa. Akwai 'yan Jamaika da wasu majami'u suka sallama cikin ladabi, akwai matan da aurensu ya mutu, akwai wani mashayi da ke kwana a tashar bas ya zo da warinsa ya zauna a layin gaba. Har da wasu maza biyu a cikin mawaƙa waɗanda suke zaune gida ɗaya, kowa ya sani, ba wanda ya ce uffan. Bayan sujada a taru a zauren baya a sha shayi. A bangon zauren akwai kanta da ake jera kayan ƙasashe, ganga daga Gana, hular saƙa daga Jamaika, ƙwarya daga wurinmu, kowa ya kawo abin garinsu a ajiye.

Abin da ya riƙe ni a cocin shi ne Jibin Ubangiji. A durƙusa a jere a gaban bagade, a ba ka gurasa a tafin hannu, sannan ƙoƙon azurfa guda ɗaya ya bi layi, Rabaran yana goge bakinsa da farin ƙyalle, Bature ya sha, baƙi ya sha, mashayin nan ma ya sha. In an gama, abin da ya rage Rabaran ya shanye, don haka doka take, ba a zubarwa.

Sai na faɗi inda na fito kafin a gane dalilin da wannan ya taɓa ni. A zangon kutare na mishan aka haife ni. Baba ya je can yana saurayi da cutar, a can ya karɓi bangaskiya, a can ya yi aure. Ya warke tun ban yi wayo ba, amma cutar ta riga ta tafi da yatsunsa na hannu da na ƙafa, ta bar masa dungulmi. Da dungulmin yake juya shafin Littafi Mai Tsarki, domin shi ne mai bisharar zangon. A cocinmu na can, ranar Jibi, Turawa da ma'aikata da 'ya'yan da aka haifa lafiyayyu su ne ke shan ƙoƙon azurfa a gaba. Kutare kuwa, masu cutar da waɗanda suka warke duk ɗaya, kowa ya zo da moɗarsa daga gida, su yi layi ta gefe, a tsiyaya musu daga buta, a ɗaga butar sama don kada bakinta ya taɓa moɗar. Ranar da na fara cin Jibi, ni na sha a azurfa, ubana yana can gefe da moɗarsa. Shi ya koya mini cewa mu duka jiki ɗaya ne. Ban taɓa jin ya yi gunaguni ba, ni ce dai na yi ta yi a madadinsa tun ina yarinya.

Bayan rasuwar Inna, idanun Baba suka tsananta. Cutar ta bar masa fatar ido da ba ta rufuwa sosai, ko barci yake ido a buɗe, kullum hawaye, ga ƙasa tana shiga. Na yi ta bin wani likitan ido a asibitinmu har ya yarda zai yi masa aiki, mutanen mishan suka taimaka da takardun tafiya, sai ga Baba a Landan da akwatinsa na kwano. Ina buɗe akwatin don in jera masa kaya, abin da na fara cin karo da shi ita ce moɗar. Fara ce mai shuɗin baki, duk ta ɓaɓɓare, da babban hannu da yake zura dungulminsa a ciki.

Na ce, “Baba, wannan kuma fa? Ina da kofuna.”

Ya ce, “Da ita na saba, Uwata.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. “Kuma ai za mu je sujada.”

Na ce, “A nan ƙoƙo ɗaya ne, Baba. Kowa da kowa.”

Ya yi dariya irin wadda ake yi wa yaro in ya zo da labarin da ya fi ƙarfinsa. Na ɗauke moɗar na ɗora can saman kabad, inda ni ma sai na taka kujera.

Lahadi ta farko ya sa farar babbar rigarsa a kan suwaita biyu. Muka zauna a gaba saboda idonsa. Da aka zo Jibi na kama shi muka je muka durƙusa. Ya haɗa dungulminsa biyu, Rabaran ya ɗora gurasa a kai ba tare da ko ƙifta ido ba. Da ƙoƙon ya iso, Baba ya ja kansa baya ya juyo yana kallona. Rabaran ya matso da shi har leɓensa, ya tsaya yana jira. Baba ya kurɓa. Rabaran ya goge bakin ƙoƙon ya miƙa wa ta kusa da shi, wata tsohuwar Baturiya mai shirya furannin bagade, ta sha abinta.

Muka shiga bas har muka kusa sauka. Sannan ya dafa gwiwata.

Ya ce, “Matar nan ta sha. Kin gani? Bayana ta sha. Shi ma Rabaran ya shanye sauran.”

Hawaye a fuskar Baba ba sabon abu ba ne, amma na ranar na san ba na ciwon ido ba ne. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma na yi alfahari kamar ni na gina cocin.

Turawan ba su san abin da suka gani ba. Tsohuwar nan har ta tambaye ni ko inji ne ya cinye masa hannu. Namu 'yan Nijeriya kuwa kallo ɗaya suka yi suka gane. A cikinsu akwai wata da duk muke kira Anti, matar wani babban ma'aikaci da gwamnati ta turo sayen motoci da siminti. 'Yar arewa ce, 'yar fasto, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta gyara wa cocin injin ɗumama ɗaki, kuma in ta shigo da leshinta da gwalagwalanta, turarenta ke riga ta isa kujera. Ba zan ce ba ta yi mini kirki ba. Ta sha aiko mini da kuka da daddawa, ta sha kira na in je in ci tuwo a gidanta. Ranar nan tana bayan tsohuwar a layi, kuma na lura ta karɓi gurasa ta miƙe kafin ƙoƙon ya iso gare ta.

A zauren shayi ta zo ta durƙusa har ƙasa, amma daga nesa.

“Baba, sannu da zuwa. Yaya hanya? Yaya aka baro mutanen gida? Allah ya ƙara sauƙi.”

Baba ya ji Hausa a bakin baƙuwa, ya yi ta sa mata albarka. Tana tashi ta ja ni kicin.

Ta ce, “Ƙanwata, ke nas ce, ba sai na yi miki explaining ba.”

Na ce, “Anti, ya warke tun kafin in san kaina. Ba ya ɗauke da komai. A cinyarsa na girma, ga ni.”

Ta ce, “Ni ban ce bai warke ba. Amma ina da yara. Ki duba mana, a gida ma ai an san yadda ake yi.”

Muna cikin magana wata daga matan zumuntar cocin ta shigo riƙe da kofin da Baba ya sha shayi, ta naɗe shi da takarda, ta sake shi cikin kwandon shara. Da ta gan ni sai ta ce wai ya tsage.

Tun da aka gama yaƙin basasa, 'yan Nijeriyan cocin nan ba sa zama benci ɗaya. Yarbawa da ɓangarensu, Ibo da nasu, mu 'yan arewa kaɗan a tsakiya kowa yana hararar mu. Rabaran ya yi wa'azin sulhu har muryarsa ta dushe, bai ci nasara ba. Hannuwan Baba ne suka haɗa kan mutanen nan cikin sati ɗaya. Lahadi ta gaba duk suka karɓi gurasa suka tashi, ba wanda ya jira ƙoƙon. Baba ya lura, don idonsa ne ke ciwo, hankalinsa lafiya lau. Da kansa ya ce mu riƙa bari sai kowa ya gama mu je ƙarshe. Muka yi haka, bai canja komai ba. Anti ta ce da ni ƙoƙon dai shi ne ƙoƙon, ko da me aka wanke shi. Magana ta tsallaka zuwa wurin 'yan Jamaika, wasunsu su ma suka janye. Ƙoƙo ya riƙa komawa bagade kusan a cike, Rabaran yana shanyewa bisa doka, yana fitowa sallama fuskarsa ja wur.

Na je na same shi a ofishinsa na gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa. Ya riƙe kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce zai yi magana a kai daga mumbari. Na roƙe shi kada ya yi, na ce ya kira matan nan su kaɗai ya yi musu magana a ɗaki. Ya ce duhu ba ya son haske, kuma a cocinsa ba a ɓoye ɗan'uwa. Mutum ne mai kirki wanda ba ya jin magana, kuma irinsu sun fi mugu wuyar sha'ani, don ba ka da inda za ka kama su.

Lahadi ya karanta labarin kuturun da Yesu ya taɓa. Ya yi wa'azi mai zafi. Sannan ya sauko daga mumbari, ya zo bencinmu, ya ɗaga Baba tsaye, ya kama dungulminsa biyu ya ɗaga su sama yadda har na layin baya za su gani. Ya ce ga ɗan'uwanmu daga Nijeriya, ga hannuwan da Ubangiji bai ji ƙyamarsu ba. Baba ba ya jin Turanci in ban da gaisuwa, amma akwai kalma ɗaya da ya sani kamar sunansa, domin da ita Turawan mishan suka kira shi tun yana saurayi, kuma Rabaran ya yi ta maimaita ta. Ya tsaya hannuwa a sama, yana murmushi don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba, kuma ko rufe ido ba ya iya yi.

Ranar, Turawan da ba su sani ba suka sani. Da aka zo Jibi, tsohuwar nan mai furanni ta karɓi gurasa, ta sunkuyar da kai, ta miƙe. Baba ya bi ta da kallo har ta zauna. Waɗanda suka sha ƙoƙon ranar ba su wuce ni da Baba da mashayin nan da maza biyun mawaƙa ba, sai wasu 'yan tsiraru da ban riƙe ba. Na tsani kowa a ranar, har da Rabaran, wataƙila ma shi na fi tsana.

Aka yi aikin idon, ya yi kyau. Ya kwanta asibiti na ɗan lokaci, kuma a Lahadin da ba ya nan aka ce mini an kawo wani tsohon ƙoƙo daga ma'aji, kowa ya sha. Da ya dawo gida yana iya rufe ido, sai ya zauna a kujera yana rufewa yana buɗewa kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Na yi masa booking na komawa. Saura Lahadi ɗaya.

Ranar Asabar da safe, ina shirin fita aiki, ya ce, “Uwata, sauko mini da moɗar nan.”

Na ce, “Ba zan sauko da ita ba.”

Ya ce, “Mutane sun bar shan jinin Ubangijinsu saboda ni. Ni mai bishara ne. Ba zan tsaya a gabansa da wannan kayan a kaina ba.”

Na ce, “Su suka bari, Baba, ba kai ka hana su ba. Su mutu da ƙishi mana! Ba sai mun je ba ma, akwai coci a kowane titi.”

Ya ce, “Wanne ne a ciki ba su da ido?”

Na buga ƙofa na fita. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Da na dawo ban duba saman kabad ba, kuma ban yi tunanin mutumin da ba shi da yatsu zai iya zungurar abu da sanda ba.

Lahadi bai jira ƙarshe ba. Ana fara Jibi ya miƙe, shi ne na farko a gaban bagade, na bi shi na durƙusa kusa da shi. Ya karɓi gurasa. Da Rabaran ya ɗauko ƙoƙon azurfa, sai Baba ya zura hannu aljihun babbar riga ya fito da moɗar. Ya riƙe ta da dungulminsa biyu, ya miƙa ta nesa da jikinsa, ya kawar da fuska gefe don kada numfashinsa ya kai. Haka ake yi a zango, jikinsa bai manta ko kaɗan ba.

Rabaran ya tsaya turus. Ya sunkuyo ya raɗa mini da Turanci ko wannan al'adarmu ce. Kafin in amsa sai na ji turare, na ji muryar Anti daga bayana, a hankali, cikin ladabi. Ta ce masa ƙwarai kuwa, a ƙasarmu dattijo ba ya haɗa ƙoƙo da yara, girmamawa ce. Fuskar Rabaran ta washe. Ya karkata ƙoƙon ya tsiyaya a moɗar, Baba ya sha.

Ban taɓa ganin layin Jibi ya yi tsawo irin na ranar ba. Anti ta sha, matan zumunta suka sha, tsohuwar mai furanni ta sha, sai da Rabaran ya ƙara ruwan inabi. Ƙoƙon nan dai shi ne wanda aka ce wanki ba ya tsarkake shi. Ashe ba ƙoƙon suke gudu ba, so suke Baba ya san matsayinsa, kuma ya nuna ya sani. Har yau ban san ko Rabaran ya yarda da maganar Anti da gaske ba. Mutumin da ya ɗaga hannuwan nan sama ya san dalilin da ya sa aka guje wa ƙoƙonsa. Ina jin dai ya gaji, aka miƙo masa ƙarya mai taushi, ya karɓa da hannu biyu.

A zauren shayi ya buga cokali a jikin kofi, aka yi shiru. Ya ce yau ɗan'uwanmu dattijo ya koya mana wani abu, cewa haɗin kai ba ya nufin kowa ya bar al'adarsa, kuma teburin Ubangiji yana da faɗin da zai ɗauki ƙoƙo fiye da ɗaya. Aka yi tafi. Anti ta fi kowa tafi, awarwaronta suna ƙara. Ta zo ta durƙusa ta yi wa Baba fatan sauka lafiya, ta ce a gaida mutanen gida, har ta ce yaranta su zo su gaida kaka, suka tsaya daga bayanta suka ce hello.

Sai Rabaran ya zo wurinmu da murnarsa, ya nuna kantar nan ta kayan ƙasashe. Ya ce in tambayi Baba ko zai bar musu moɗar a ajiye ta kusa da gangar Gana, don a riƙa tunawa da shi da kyakkyawar al'adar mutanensa. Na so in ƙi fassarawa, amma Baba yana kallon bakina, don haka na faɗa masa yadda aka faɗa, ban rage komai ba.

Baba ya ɗaga kai ya dubi kantar, ya dubi moɗar da ke kan cinyarsa. Ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Ya ce, “Ki ce masa na gode, Allah ya saka. Amma in na bar masa, in na koma gida da me zan ci Jibi?”

Rabaran yana tsaye yana murmushi, yana jiran in fassara. Baba ya goge cikin moɗar da hannun rigarsa, ya mayar da ita aljihu.